Shekarar da Na Raba Ummi da Robarta

Akwai wata magana da ke yawo a zuriyar nan, daga Salaga zuwa Yendi har Bawku, kuma na gaji da jin ta a bakin yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Wai Mma Azumi ce ta sa Ummi kuka har muryarta ta dishe, don kawai tana kishin Hajiyar Bawku. To ni ce Mma Azumi, kuma tunda Allah ya bar mini ido da hannu, zan rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku huta da ƙarin gishiri. Kishi kam na yi shi, kuma ina yi har gobe, ba zan ɓoye muku ba. Amma kishina daban, abin da idona ya gani a bakin yarinyar nan daban, kuma a waccan shekara babu wanda ya yarda ya raba mini su.

Ga waɗanda ba su sani ba, Memuna 'yata ce ta uku. Ta auri Isiyaka, mai gyaran tarakta a Yendi, yaro mai kunya da ba ni da abin faɗa a kansa. Uwarsa ita ce Hajiya Zainabu, wadda kuke kira Hajiyar Bawku. Mu a Salaga kakanninmu fataken goro ne, da goro ya bar hanyar muka koma doya, ni kuma tun ina budurwa nake cikin ƙasa da rana a kasuwar doya, hannuna kaushi kamar bayan kaskon tuya. Ita kuwa shago gare ta a Bawku, tana ɗauko atamfa da turare da kayan jarirai daga kan iyakar Togo. Ta je Makka, ni ban je ba. In ta shigo ɗaki ƙamshi ne ke riga ta, in na shigo kowa ya san daga ina na fito. Sannan tana da wushirya, irin mai kyau ɗin nan da ke tsakiyar haƙoran sama, kuma ta san tana da ita, shi ya sa ba a raba ta da dariya. Hausarta ta Bawku ce, ba ta raba mace da namiji a magana, amma zan rubuta maganarta da tawa Hausar don kar ku ce da gangan na yi. Abin da ya fi ci mini rai game da matar nan shi ne ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da na samu sauƙi.

Da cikin Memuna na fari ya tsufa, ta dawo gida Salaga kamar yadda aka saba. A ɗakina ta yi jego. Ni na dafa ruwan wanka, ni na dama kunun kanwa, ni na fara goya jaririyar. Yarinya ce mai kukan ciki, in ta fara sai maƙwabta su leƙo ta katanga. Babu abin da ke sa ta shiru sai bayana. In na goya ta na yi ta zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa gindin mangwaro, ina jijjiga ina mata waƙa, sai in ji ta yi laƙwas, numfashinta na dukan wuyana. Ƙafafuna sun kumbura a kwanakin nan, ban taɓa jin daɗin kumburi kamarsa ba. Ranar suna aka raɗa mata Zainabu, sunan uwar uba. Na ce Allah ya raya, na haɗiye abin da na haɗiye. Tunda Isiyaka ba zai iya kiran sunan uwarsa ba, sai aka koma ce mata Ummi.

Hajiya ta iso sunan da jakunkuna har direba na ƙorafi. Ana cikin buɗe kaya a gaban mata, jaririyar ta tsanyare da kuka. Na miƙe ina warware zanen goyo, sai Hajiya ta ɗaga mini hannu.

“Mman Memuna, zauna ki huta. Kin wahala da yawa. Bari ki ga abin zamani.”

Ta ciro wata 'yar roba daga cikin kwali, mai kai kamar kan nono, da faifai da zobe a bayanta, irin wadda ake sa wa jarirai su tsotsa. Ta ɗauraye ta da ruwan zafi, ta sa mata a baki. Kukan ya yanke kamar an rufe famfo. Mata suka hau salati da tafi, wata na cewa ina ma a zamaninsu akwai wannan. Ni kuwa ina tsaye da zanen goyo a hannu kamar wadda aka aika ta manta saƙo. Aikin da nake yi da bayana da ƙafafuna, matar nan ta zo daga Bawku ta yi shi da abin da bai kai babban yatsana ba. Tun daga ranar na tsani robar nan, kuma a lokacin ban san komai game da haƙori ba. Na faɗa muku ba zan ɓoye ba.

Bayan arba'in Memuna ta koma Yendi. Ina zuwa duba su in motar doya ta samu, ta hanyar Bimbila, in isa jikina duk ya yi tsami. Duk zuwan da zan yi, robar na bakin Ummi, an ɗaure ta da kirtani an maƙale a wuyan riga don kar ta faɗi. Da lokacin yaye ya zo na share ɗaki, na sayi sabuwar tabarma da ɗan kwano mai fure, don a gidanmu wajen kaka ake kai yaye, kuma ni na yi jegon. Sai Memuna ta kira ni a waya tana in-ina, wai dangin uba sun ce Bawku za a kai ta. Aka kai ta Bawku. A can aka raba ta da nono, aka bar ta da roba, don Hajiya ta ce ba za a raba yarinya da abu biyu a lokaci ɗaya ba. Ta yi watanni a shagon nan, a kan cinyar Hajiya, tana wasa da kwalaben turare. Da ta dawo Yendi bakinta ya buɗe, tana kiran Hajiya Kaka, ni kuma Mma Salaga, sai ka ce sunan da ake rubutawa a goshin lori. Robar ma ta samu suna, Toto. In ta ce Toto, gidan gaba ɗaya sai ya tashi nema.

A Babbar Sallar da Ummi ta haura shekara uku muka haɗu a Yendi, ni da Hajiya. Tun daga ƙofa aka tare ni da albishir, wai in zo in ga ikon Allah, Ummi ta ɗauko wushiryar mai sunanta. Ƙannen Isiyaka suna ta cire mata robar suna cewa ta yi dariya, ana haɗa fuskarta da ta Hajiya ana ɗaukar hoto a waya. Ga suna ta ɗauka, ga gado ta ɗauka, har haƙori. Na koma gefe na zauna kusa da murhu inda ake suyar doyar da na kawo. Can Ummi ta zo wucewa, na miƙa mata yanka ɗaya. Ta tofar da robar ta karɓa, ta kai gaban baki ta cije, doyar ta fito lafiya lau ko alamar haƙori babu. Sai ta karkatar da kai ta tura ta can gefe, wajen turame, kamar tsohuwar da haƙoran gabanta suka zube. Na jawo ta na ce ta cije haƙoranta in gani. Ta cije. Na bayan sun haɗu, na gaban kuwa ba su san juna ba. Na sama sun turo waje, na ƙasa sun tsaya a ƙasa, tsakaninsu rami zagayayye, daidai wurin zaman robar, harshenta na leƙowa ta ciki.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba, amma na san wushirya. Wushirya a tsaye take, tsakanin haƙori da ɗan'uwansa. Wannan a kwance yake, tsakanin sama da ƙasa. Kuma ban iya ganin abu in yi shiru ba, kun san ni. A nan tsakar gida, a gaban kowa, na ce:

“Wannan ba wushirya ba ce. Robar nan ce ke ɓata mata baki.”

Wata ƙanwar Isiyaka ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi. Hajiya ba ta yi fushi ba, ina ma ta yi. Murmushi ta yi mini, wushiryar nan a waje.

“Mman Memuna, kar ki damu. Na gaba da za a haifa, insha Allahu ke zai ɗauko.”

Da yamma Memuna ta same ni a madafa, ta rage murya.

“Mma, don Allah kin ba ni kunya. A gidan surukaina, ranar Sallah.”

“Ke ba ki ga yadda take cin doya ba?”

“Duk yara haka suke ci. Mma, kowa ya san abin da ke damunki. Tun ranar suna kike harar robar nan.”

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo a shekarar, don rabinta gaskiya ne. Na yi shekara uku ina ɓata fuska a kan robar nan ba da wani dalili ba, ranar da dalilin ya zo kuma bakina ya riga ya zube a idonsu. Da Hajiya ce ta faɗa, da a ranar za a jefa robar a shara. Washegari na hau mota na koma Salaga, na yi rantsuwa a raina ba zan ƙara tanka maganar bakin 'yar kowa ba.

Ban sake taka Yendi ba sai da Memuna ta haifi na biyu, namiji. Wannan karon a ɗakinta ta haihu, ni na je. Hajiya ma ta zo. Ana gobe suna da hantsi, Ummi na gudu a tsakar gida ta yi tuntuɓe da turmi ta kifa. Faɗuwar ba wata babba ba ce, amma da yake haƙoran saman a waje suke, leɓe bai rufe su ba, su suka fara isa ƙasa. Jini ya wanke mata riga. Isiyaka ya ɗauke ta a babur, mu biyu tsofaffi muka bi a wata mota, muna zaune kafaɗa da kafaɗa. A asibiti aka wanke ciwon, aka tura mu wajen likitan haƙori, wani saurayi Badagombe mai jin Hausa. Ya duba, ya ce haƙorin ya ɗan girgiza amma zai tsaya. Sai idonsa ya sauka a kan robar da ke lilo a wuyan rigarta.

“Har yanzu tana shan wannan?”

Isiyaka ya ce eh. Likitan ya sa ta cije, ya kira mu mu matso. Ya ce ƙashin bakin yaro ɗanye ne, duk abin da ya daɗe yana zaune a wuri, bakin zai girma ya kewaye shi. Robar tana tura na sama waje, tana hana na gaba su sauko su haɗu, kumatu kuma in suna tsotso suna matse dasashin sama ya tsuke. Ya ce ga jariri ba laifi ba ne, amma yarinyar da ta kai wannan girma ya kamata a ce an daɗe da raba su. Hajiya ta tambaye shi da ƙaramar murya ko ba wushirya ba ce. Ya ce a'a Hajiya, wannan ba ita ba ce. Ya ce tunda haƙoran nono ne, in aka daina yanzu, sau da yawa bakin kan gyara kansa a hankali. In kuwa aka bari har na dindindin suka fara fitowa, hanyar da suka tarar za su bi, daga nan sai dai a ɗaura mata waya a baki a babban gari, shekara da shekaru. Ya ƙara da cewa a kula kar ta musanya robar da yatsa, don aikinsu ɗaya.

Na ji daɗi? Wallahi na ji. Na juyo a hankali don in kalli Hajiya, na shirya fuskar da zan yi mata tun daga Salaga. Sai na tarar tana hawaye, ta kama hannun Ummi tana cewa ta cuce ta ba ta sani ba. Ko gardama ɗaya ba ta yi ba. A hanyar dawowa ta dafa gwiwata ta ce, “Mman Memuna, ke kika gani, mu muka yi dariya. Ki yafe mana.” Kun ga irin matar da Allah ya haɗa ni da ita. Ko nasarar ma ba ta bar ni na ci da daɗi ba.

Sanin magani daban, ba da shi daban. Bayan suna Memuna ta ɓoye robar da safe, Ummi ta yi ta birgima tana ihu, jariri ya farka ya kama nasa, kafin azahar an mayar mata. Isiyaka ya gwada, da kukan ya yi yawa ya tuna akwai taraktar da ke jiransa a gareji. Aka ce to Hajiya ta tafi da ita Bawku, tunda maganarta take ji. Hajiya ta girgiza kai.

“Ni ba zan iya ba. In ta dube ni tana kuka, zan ba ta. Shagona ma cike yake da su. Mman Memuna ce mai ƙarfin zuciya a cikinmu. Ku ba ta ita ta tafi da ita Salaga.”

Duk suka juyo suna kallona da fara'a, kamar an yi mini kyauta. Ni kuwa nan take na gane abin da ake miƙo mini. Shekara uku ina roƙon a ba ni yarinyar nan ko na mako ɗaya, ana ce mini hanya ba kyau, ana ce mini ba ta saba ba. Yau an ba ni ita, don in zama wadda za ta ƙwace mata abin da ta fi so a duniya. Ban ce Hajiya ta shirya haka ba, har yau ban ce ba. Amma ita za ta zauna a Bawku da hannunta mai ƙamshi, ni in yi aikin. Ina iya cewa a'a, bakina bai ciwo. Na dubi leɓen yarinyar a kumbure, na ce a haɗa mata kaya.

Kwanakin farko a Salaga ban taɓa robar ba. Na ce bari ta saba tukuna. Kuma ta saba, abin da ban yi zato ba. Tana bina kasuwar doya riƙe da gefen zanena, tana hawa kan tarin doya tana yi wa masu lodi tsawa da robarta a baki, suna ce mata Magajiya. Na ciro kwanon nan mai fure da na saya tun lokacin yaye, a ciki take cin wasawasa, dambun garin doya. Da rana in ta gaji sai ta hau bayana da kanta, duk girmanta, ƙafafunta na dukan cinyoyina. Wata rana muna dawowa daga rijiya ta cire robar ta ce, “Kaka, ɗauke ni.” Na waiga in ga ko Hajiya ce ta biyo mu. Ni take nufi. A wannan makon na yi tunanin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: in bar mata abarta mana. Wa zai sani? In ce musu ina ƙoƙari, a hankali ake yi. In ci wata biyu, uku, ina Kaka. Na kwana da wannan tunani na tashi da shi, kuma ya yi mini daɗi ƙwarai.

Abin da ya katse shi ɗanyen mangwaro ne. Yaran maƙwabta na zaune suna gatsa, Ummi kuwa tana ta juya nata a gaban baki, haƙoran na zamewa a kan ɓawon, har wata yarinya ta ce mata mai bakin zomo. Ta dubi yarinyar ba ta gane ba, ta yi dariya ita ma. Na ce a raina, yau ba ta gane ba, wata rana za ta gane.

Na fara da dabara. Na shafa wa robar ruwan shuwaka, kamar yadda ake shafa wa nono ɗaci lokacin yaye. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta je ta ɗauko buta ta wanke abarta ta mayar. Na ce to sai lokacin barci kawai, sai ta koma jin barci tun da hantsi. Maƙwabciyata Lariba ta ce in ɓatar da ita kawai, in ce akuya ta cinye, duk yaran unguwar nan da akuya aka yaye su daga wani abu. Na yarda da wannan. Da safe Ummi na wasa a gidan Lariba, na kwance robar daga rigar da ta cire, na shiga jakarta in tabbatar babu wata. A can ƙasa, cikin safa, na tarar da sababbi har da kwalinsu. Hajiya ce ta cusa, ko da za a buƙata. Matar da ta yi kuka a gaban likita. Raina ya ɓaci. Maimakon in kai su can bayan gari kamar yadda na shirya, na kwashe su duka na watsa a murhu. Suna narkewa suna wari, na ji motsi a bayana. Ummi ce tsaye a bakin ƙofa, ta dawo ɗaukar kwanonta. Ba akuyar da zan ɗora wa laifi, da idonta ta ga hannuna.

Kukan da kuke ji ana ba da labari, an yi shi, ba ƙarya ba ne. Ta yi har muryar ta tafi, ta koma buɗe baki kawai. Toto take kira, in ta gaji ta kira Kaka, kuma na san ba ni take nufi ba. Ta daina karɓar abinci a hannuna, sai Lariba ta zo ta ba ta. In na miƙa hannu zan goya ta sai ta sandare. Da ta rasa robar ta koma yatsa, kamar yadda likita ya faɗa, sai na zama mai cewa cire, cire, daga safe har yamma. Kullum bayan an karya sai in tsugunna a gabanta in ce ta cije in gani, don ina so in san ko wahalar nan na haifar da wani abu. Da farko tana buɗewa tana hawaye. Daga baya, da ta hango ni tafe sai ta damƙe leɓɓanta. Hajiya kan kira a waya ranar Juma'a, ni ke riƙe wayar a kunnen yarinyar, ina jin muryar Bawku na zuba mata wasa, ita kuma tana ƙyalƙyalawa ta juya mini ƙeya. Ban taɓa gaya wa Hajiya na ga abin da ta sa a safa ba. A nan za ta fara ji, in an karanta mata.

Damina ta shiga ta fita, sabuwar doya ta zo. Ramin nan ya yi ta tsukewa kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka gani ba sai in kai ne mai dubawa kullum. Kafin in mayar da ita Yendi na sama sun fara taɓa na ƙasa, leɓenta na rufuwa da kansa in tana barcin rana. Likitan ya duba ya ce madalla, a ci gaba da hana yatsa. A gida aka yi ta hamdala, ana sa wa likita albarka. Isiyaka dai ya durƙusa ya yi mini godiya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hajiya ta zo daga Bawku tarbarta. Tun kafin a sauke kayanmu Ummi ta fizge hannunta daga nawa ta ruga ta faɗa jikinta, ta cusa fuska a mayafin nan mai ƙamshi. Ba ta sake ce mini Kaka ba, Mma Salaga na koma.

Yanzu Ummi ta zama budurwa, tana karatu a Tamale. Wayar da likita ya faɗa ba ta taɓa shiga bakinta ba. Duk hutu a Bawku take yi. Salaga kuwa sai in uwarta ta matsa, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ta share mini ɗaki, ta wanke mini kaya, washegari ta ce akwai karatu. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Ina ma ta yi, ko na samu abin riƙewa.

A Ƙaramar Sallar bana muka sake haɗuwa a Yendi. Ni da Hajiya duk mun tsufa, ita da sanda, ni da gwiwa. Da la'asar na samu Ummi ita kaɗai tana ninke kaya, na ce ta zauna.

“Ummi, me na yi miki?”

“Ni? Ba komai, Mma.”

“Kina tuna zamanki a Salaga kina ƙarama?”

Ta yi tunani da gaske, ba na ƙarya ba.

“Wallahi ba na tunawa. An dai ce na yi kuka. Ni dai tun da na yi wayo nake jin tsoronki, Mma, kuma ban san dalili ba.”

Ta manta robar, ta manta murhun, ta manta ta taɓa hawa bayana. Tsoron kaɗai ya zauna. Na so in ba ta labarin nan duka a wurin, bakina ya ƙi, shi ya sa nake rubutawa. Abin da na iya ce mata kawai shi ne:

“To yi mini dariya in gani.”

Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe bakinta.

“Mma, in kawo miki ruwa?”

Na ce ta kawo. Ta kawo, ta ajiye, ta wuce ɗakin da aka sauki Hajiya. Ba a jima ba na ji tsohuwar nan ta faɗi wani abu, Ummi ta fashe da dariya har da buga cinya. Labulen ɗakin a ɗage yake. Na ja kujerata a hankali zuwa gindin bango, inda ba za su lura da ni ba. Daga nan ana ganin haƙoranta sarai, farare, a jere, na sama sun sauka daidai a kan na ƙasa.